Kwana goma ina jinyar fiyano a hunturun Garwa

Ni kafinta ne a Garwa, kuma har zuwa hunturun bara ban taɓa ɗora yatsa a kan fiyano ba. Abin da na sani katako ne. Na san ƙofar da aka yi da katakon kudu, irin iroko ɗin da ake jigilarsa daga dazukan gabas, in bai sha iska ya bushe ba kafin a haɗa ta, Janairu na kamawa za ta buɗe baki har ka hango tsakar gida ta tsagar. Damina ta zo kuma ta kumbura, ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. Wannan ɗan sanin ne ya jawo mini aikin da ban nema ba.

Wata safiyar Laraba ina yanka katako Kawu ya shigo rumfa, yana naɗe da mayafi saboda sanyi. A hannunsa na koyi sana'a, shi ya sa har yau in ya yi magana sai in ajiye abin da ke hannuna.

"Kai, akwai wani akwatin kiɗa a gidan 'yan mishan da za a kai zauren taro. Kafinta mai hankali suke nema."

"Kawu, ɗaukar kaya ai aikin 'yan dako ne."

"Da aikin 'yan dako ne da ba su zo wurina ba. Tashi ka je ka gani."

A can aka warware mini zancen. Wata ƙungiyar makaɗa ce, irin wadda ake kira okestira, za ta zo ta yi wasa ran Asabar ta sama, kwana goma ke nan. Manyan irinsu a Turai sukan kai mutum 80 zuwa 100, amma masu zuwa mana 28 ne, wasu daga Yawunde da Duwala, wasu daga waje. Sun kuma gayyato baƙuwa, wata gwanar fiyano daga Turai, ita ce amaryar bikin. A takardar gayyata an rubuta cewa wasan hunturu ne. Na yi dariya a zuciyata, don hunturunsu na ƙanƙara ne, namu kuwa na hazo da faso da tsagewar leɓe.

Ko da aka yaye zanen da ke rufe da shi sai na ja da baya. Baƙi wulik, mai ƙafa uku, siffarsa kamar fiffiken tsuntsu an kwantar, tsawonsa ya kusa mita 2, nauyinsa wajen kilo 300. Mai gyaransa yana Yawunde, wani dattijo da na riƙa kira Baba, kuma ba zai iso ba sai Lahadi. Ta WhatsApp ya koya mini ɗaukarsa, ina haska masa da waya yana daka mini tsawa da Faransanci. Ashe ba a ɗaukar wannan abu a tsaye. Za a kulle murfi, a naɗe jikin da barguna, a kwance matakan ƙafa da ke rataye a ƙarƙashi, a cire ƙafar hagu ta gaba, sannan a karkato shi sannu a hankali ya kwanta a kan gefensa miƙaƙƙe. Na haɗa wani faffaɗan katako na shimfiɗa masa tsohuwar katifa, a kansa muka kwantar da shi muka ɗaure. Kowace ƙafa na sa mata alama da alli, don Baba ya ce kowacce da gurbinta. Mu takwas muka ɗora shi a mota bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, direba na tafiyar hawainiya, 'yan moto na ta zuba mana ham. Wata tsohuwa a bakin hanya ta ga dogon abu naɗe da bargo maza na riƙe da shi, sai ta tsaya ta yi salati. Ban tsaya yi mata bayani ba.

Na ɗauka aikina ya ƙare da muka tsayar da shi a kan dandamali. Ashe farawa aka yi.

Baba ya aiko da wani ɗan ma'auni ta hannun direban bas, bai fi agogon tebur ba, mai nuna yawan laimar da ke cikin iska. Da azahar na ajiye shi a kan fiyanon ya nuna kashi 16 cikin 100. Na tura masa hoto. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira ya ce abin da fiyano ke so tsakanin 40 ne da 50. Ya ce in leƙa ƙarƙashi. Na kwanta rigingine kamar makanike, na ga wani farin allo mai faɗi, kaurinsa bai kai santimita 1 ba, an manna masa haƙarƙari. Wannan shi ne allon amo, da itacen ƙasashen sanyi ake yin sa, mara nauyi, kuma an ɗan yi masa doro zuwa sama yana tokare da tsirkiyoyi. In iska ta bushe sai allon ya tsuke, doron ya sauka, tsirkiyoyi su saki, muryar fiyano ta faɗi, musamman a tsakiya. In bushewar ta yi yawa ya tsage. Nan na gane inda aka dosa. Ciwon ƙofar Janairu ne, sai dai wannan ƙofar tsirkiya wajen 230 ce a ɗaure a kanta, jan da suke yi gaba ɗaya ya kusa tan 20, wanda ba don gangar jikin ƙarfen da ke ciki ba da tuni katakon ya naɗe kamar tabarma.

To, ta yaya mutum zai hana hunturu shiga zaure mai tagogin gilashi guntu-guntu da ba sa rufuwa ruf? Na'urar sanyaya ɗaki ma Baba ya ce kada a kunna, ƙara busar da iska take yi. Da daddare ina jin ɗumi a ƙofar gida na ba maƙwabcinmu labari, wani Alhaji da ya tsufa a fataucin goro. Ya saurara har na gama, ya ce, "Yaro, abin da ba ya son bushewa kuma ba ya son jiƙa, ai goro ke nan. Yi masa huhu."

Huhun kuwa na yi. Na kafa sanduna huɗu kewaye da fiyanon, na yi masa rumfa da leda da barguna. Na sayo sababbin randunan ƙasa guda huɗu, irin masu tsattsafo, na cika su da ruwa na jera a ƙarƙashinsa. Na ɗaura igiya nesa da jikinsa da taku ɗaya, na rataya jiƙaƙƙun buhunan goro. Sau biyar a rana nake duba ma'auni, bayan kowace salla, ina rubutawa a bayan kwalin siminti. Alhamis 21. Juma'a 25. Asabar da safe 27.

A nan shaiɗan ya raya mini. Na ga Baba zai iso gobe, ga shi ban kai ko 30 ba, zai ce an ba shi ragon kafinta. Da magariba na ninka buhunan, na matso da su kusa, na kuma shigo da butar lantarki na bar ta tana tafasa a cikin rumfar har ruwan ya kusa ƙarewa, na toshe ko'ina na tafi gida ina jin na yi abin kai. Da asuba ma'auni na nuna 62. Na buɗe murfi na ga raɓa-raɓa a jikin ƙarfen. Na danna haƙoran, wato farare da baƙaƙen madannan da ake kiɗa da su, ɗaya bayan ɗaya, uku daga cikinsu suka nutse suka ƙi tasowa sai da na ɗago su da farce. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Baba ya iso da la'asar a gajiye. Ya kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare, sannan ya shiga bas ya gangaro kusan kilomita 280 zuwa Garwa. Ko ruwa bai sha ba ya ce a kai shi wurin mara lafiya. Na faɗa masa gaskiya tun kafin ya gani. Bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa tsumma ya goge ƙarfen da tsirkiyoyin a hankali don kada su yi tsatsa, ya nuna mini ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin kowane haƙori, an liƙa musu jan ulu, ya ce su ne suka sha ruwa suka kumbura suka riƙe. Sannan ya ce, "Ɗana, 16 ba ta kashe shi a shekara ashirin ba. Daga 27 zuwa 62 a dare ɗaya kuwa tana iyawa." Ya yanke cewa mu nemi 35 mu tsaya a kai, ta fi 45 ɗin da ba za mu iya riƙewa ba. Kwana biyu bai taɓa ko ɗaya daga ƙusoshin da ake ɗaure tsirkiyoyi da su ba, yana jiran katako ya huce.

Ran Talata ya fara. Ya kwance 'yan katakan gaba, ya jawo cikin fiyanon gaba ɗaya kamar aljihun tebur, muka ɗora a kan benci. A nan ne na ji kunyar kiran kaina kafinta. Haƙora 88, farare 52, baƙaƙe 36, kowanne da 'yar gudumarsa mai kan ulu, kuma tsakanin haƙori da guduma akwai 'yan gaɓoɓin katako da fata waɗanda aikinsu shi ne su harba gudumar ta bugi tsirkiya ta dawo nan take, ko da yatsa na danne. In ta tsaya a jikin tsirkiyar sauti ya mutu. Baba ya ce wannan dabarar wani mutumin Italiya ne ya ƙirƙiro ta a birnin Fulorans wajen shekarar 1700, Bartolomeo Cristofori, kuma saboda ita ne abin ke iya yin magana a hankali ko da ƙarfi gwargwadon yadda aka taɓa shi. Hunturu ya sassauta sukurori da yawa. Wannan kam aikina ne, na yini ina ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har wuyan hannuna ya yi tsami.

Ya fito da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya buga a gwiwarsa ya kara a kunne. Muryar da ake kira la ke nan, wadda ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa a wani taro a Landan a 1939. Ta fiyanonmu ta faɗo 434. Nan rigima ta tashi ta waya, don jagoran makaɗan ya ce su a 442 suke wasa kamar yawancin ƙungiyoyin Turai. Baba ya ce tsohon nan 440 zai iya ɗauka, in an matsa masa ko tsirkiya ta tsinke ko ƙusa ta saki, masu busa su ja bututunsu su sauko. Ni a lokacin na ga abin kamar gardamar banza, biyu cikin ɗari huɗu. Baba ne ya yi nasara, don dalili ɗaya: masu goge da masu busa suna iya gyara muryarsu nan take, fiyano kuwa yadda aka bar shi haka zai fita.

Sau biyu ya bi ta kansa. Zagayen farko da sauri, don kawai ya ɗago tsirkiyoyin kusa da inda ake so, tunda in ka ja wasu sai jikin ya ɗan ba da kai sauran su sauka. Zagaye na biyu ne na ainihi, awa huɗu cur. Mafi yawan haƙora tsirkiya uku-uku ce ke amsa musu, sai can wajen muryoyi masu kauri su koma biyu, su koma ɗaya mai naɗin jan ƙarfe. Yakan cusa ɗan tsinin roba ya toshe biyu, ya ɗora mabuɗinsa a kan ƙusar ta ukun, ya motsa shi motsin da ido ba ya gani, hannun hagu na dukan haƙorin da ƙarfi don tsirkiyar ta zauna. In aka kira salla sai ya ajiye mabuɗi ya jira, in tafi in dawo. Janareton maƙwabta ma sai da na je na roƙa aka kashe.

Da ya ga na ƙura masa ido sai ya ce in matso in rufe ido. Ya buɗe tsirkiya biyu ya buga. "Me ka ji?" Na ce ƙara. Ya sake bugawa. A karo na huɗu sai na ji wani abu a cikin ƙarar yana lilo, wau-wau-wau, kamar ana kaɗa faifai a gaban bakin mai magana. Ya ɗan motsa mabuɗi, lilon ya rage sauri, wau, can kuma wau, har ya tsaya cik, muryar ta miƙe sumul kamar zaren da aka ja. Tsigar jikina ta tashi. Tun daga ranar kunnena bai koma yadda yake ba. Ko moto biyu ne suka tsaya kusa da juna a kasuwa sai in ji injinansu na yi wa juna wannan lilon.

Ƙusa ɗaya ce ta ba mu wahala, ta wani baƙin haƙori a ɗan sama da tsakiya. Da an ɗaure, a saki mabuɗi, sai ta juya baya da kanta, saboda katakon da ƙusoshin ke ciki ya bushe ramin ya yi mata yawa. Maganin a ƙara buga ta ciki ta kama sabon wuri, amma in ba a tokare katakon daga ƙasa ba zai iya rabuwa. Na auna, na koma rumfa na yanko guntun maɗaci da 'yan tsinaye biyu, muka cusa har ya tsaya daram. Baba ya ɗora ƙarfe a kan ƙusar ya buga sau uku. Ta kama, amma ya girgiza kai ya ce, "Wannan sai addu'a. Kuma a kashi na biyu na kiɗan nan hannun baƙuwar ba ya nisa da haƙorin nan."

Ranar Laraba na kawo baƙo. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi shekaru yana kiɗan kalangu wa mahauta, ya ji labari ya ce sai ya gani da idonsa. Ya zagaya fiyanon yana dogara sanda, ya leƙa ciki, ya danna haƙori ɗaya ya saurara har sautin ya mutu. Ya danna na kusa da shi. Ya tambaye ni, "Tsakanin wannan da wannan fa, ina muryar take?" Na fassara wa Baba, ya ce babu. Tsohon ya ce, "To, ba ya magana ke nan. Ni in na matse kalangu a hammata sai ya hau ya sauka, ya kira sunan mutum har da na ubansa. Wannan baki 88 gare shi amma kowanne kalma ɗaya ya sani." Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara arba'in yana wannan aiki ba wanda ya taɓa faɗa masa aibin fiyano daidai haka. Daga nan suka shiga hirar fata da yanayi, ina tsakiya ina tafinta, yadda ganga ke saki da damina sai an gasa ta a wuta, yadda take ɗaurewa da hunturu har ta nemi fashewa. Na lura ciwonsu ɗaya ne, sai dai fata bushewa ke ɗaga muryarta, fiyano kuwa bushewa ke kayar da tasa.

Makaɗan sun iso Alhamis, kuma kafin dare hunturu ya gaisa da kowa. Masu goge na ta fama da maɗaurin tsirkiya da ke sulluɓewa. Masu kilarinet biyu, wata aba mai kama da algaita amma baƙa, suna tsoron kada itacensu ya tsage, har ɗaya ya aike ni in sayo lemo, ya ɓare ya zuba ɓawon a cikin akwatin kayansa don ya ba da laima. Na ce masa itacen nan kamar na san irinsa, ya ce ai daga Afirka ake kai musu, galibi Tanzaniya da Mozambik.

Baƙuwar 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta zauna, ta motsa, kujerar ta yi ƙara. Ta dube ni. Na kifa kujerar na ɗaure ƙafafun, na cusa ɗan siririn katako a inda ya buɗe. Ta sake zama, shiru, ta ɗaga mini kai. Sannan ta bi haƙoran daga ƙasa har sama, ta dawo kan guda ɗaya ta yi ta dannawa, ta ce wa Baba wannan yana ihu. Ni ban ji ihun komai ba. Ya jawo cikin, ya ɗauko wani abu mai allura uku ya soki kan ulun gudumar sau biyar ko shida, ya mayar. Ta danna, ta ce yauwa da harshensu. Da na ga gefen yatsunta sun fara tsagewa na gaya wa mai ɗakina, ta ƙulla man kaɗanya a leda ta ce a kai wa baƙuwa. Ta karɓa da hannu biyu, amma ta ce sai da dare za ta shafa, in ba haka ba yatsu za su riƙa zamewa.

Abin da za su kaɗa na Mozart ne, mutumin Salzbag da ke Ostiriya, wanda aka haifa a 1756 ya rasu a 1791 yana da shekara 35. Irin kiɗan da ake kira konsarto ne, inda gwani ɗaya ke musayar zance da ƙungiya, kuma wannan shi ne na 23 a jerin na fiyano, ya kammala shi a Biyana ranar 2 ga Maris 1786. Sun zaɓe shi ne don ba ya son taro: sarewa ɗaya, kilarinet biyu, basun biyu (dogon abin busa na katako mai kaurin murya), ƙahon tagulla biyu, sauran duk masu goge manya da ƙanana. Babu ganga, babu kakaki. Baba ya ce fiyanon zamanin Mozart haƙora 61 gare shi kuma babu ƙarfe a jikinsa, don haka na can ƙarshen dama da na ƙarshen hagu da ya ɓata lokaci a kansu ba za a ma taɓa su ba. Na ce to me ya sa ya gyara su. Ya dube ni kamar na tambayi dalilin da ake goge bayan ƙofa.

Asabar da la'asar na rushe huhun. Wannan shi ne abin da na fi tsoro, don daga nan fiyano zai shaƙi iskar kowa. Na sa yara muka yayyafa ruwa a daɓen zauren kamar yadda mata ke yi kafin shara, muka rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogin da iska ke shigowa, randuna biyu na bar su a ƙarƙashi na rufe da baƙin ƙyalle. Baba ya sake bi ta kan tsirkiyoyin na minti arba'in. Ma'auni na 31 lokacin da aka buɗe ƙofa bayan sallar isha'i. Da zauren ya cika sai na ga ya hau 33. Numfashin jama'a ma ashe laima ne.

Kawu ya zo, cikin babbar riga, ya zauna can baya kusa da ƙofa yadda in abin bai yi masa ba zai sulale. Ni da Baba muna tsaye a gefen dandamali bayan labule. Aka tokare murfin fiyano da sandarsa ya buɗe ta wajen jama'a. Shugaban masu goge ya tashi ya danna la sau ɗaya, duk mutum 28 suka bi ta suna gyara kayansu, wata irin hayaniya kamar kasuwar tsuntsaye, sannan tsit. Wannan la ɗin a gabana aka ɗaure ta, kuma randunana ne suka riƙe ta.

Jagoran ya ɗaga 'yar sandarsa, masu goge suka shiga a hankali. Baƙuwar na zaune hannu a cinya, wajen minti biyu ba ta taɓa komai ba, har na ji wani a layin gaba yana ce wa na kusa da shi, "Ita fa, kallo ta zo yi?" Da ta shiga kuwa, da waƙar da masu goge suka fara ta shiga, ita kaɗai, kamar mai cewa ga yadda ake faɗinta. Daga nan aka yi ta miƙa zance ana karɓa. Wajen ƙarshen kashi na farko kowa ya ajiye kayansa aka bar mata fili, yatsunta na gudu sama da ƙasa, kuma ana rufe kashin zauren ya ɓarke da tafi, wata mata ta rangaɗa guɗa. Wasu masu kwat suka juyo suna harara, wai ba a tafi sai an gama kashi ukun duka. Na ga baƙuwar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Daga baya ta gaya mana cewa shi kansa Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Paris a 1778 yana murna don jama'a sun yi masa tafi ana tsakiyar kiɗa. Ni dai a ganina matar nan mai guɗa ta fi masu hararar sauraro.

Kashi na biyu ita ta buɗe shi, a hankali, da wata murya mai kama da ta wanda ke ba da labarin rasuwa bai so ya yi kuka. Zauren ya yi shirun da har ina jin fikafikan jemagu a rufi. Amma gaskiya rabin hankalina ba ya kan daɗin. Ina kallon hannunta na dama, duk sanda ya doshi baƙin haƙorin nan sai in riƙe numfashi in kasa kunne ko zan ji lilo. Ta taɓa shi, sumul. Ta sake, sumul. Baba ya riƙe mini hannun riga bai sani ba. Can wajen ƙarshe masu goge suka ajiye bakansu suna tsinkar tsirkiya da yatsa, ɗis, ɗis, kamar farkon yayyafi a kan kwano, ita kuma tana ɗora murya ɗaya-ɗaya a kai, daga ƙasa ta tsallaka sama. A nan na manta da ƙusa. Na tuna ranar da muka dawo daga binne mahaifina aka zauna a zaure ba mai cewa uffan.

Na ukun gudu ne da raha, kamar an saki yara daga makarantar allo. A tsakiyarsa na ji abin da nake tsoro, ɗan wau siriri a kan haƙorin nan. Na dubi Baba, ya ɗaga yatsa ɗaya ya kai bakinsa. Aka gama, jama'a suka miƙe, baƙuwar ta fita ta dawo sau uku. A na ukun ta miƙa hannu wajen labule ta jawo Baba, shi kuma ya jawo ni, na fito gaban mutane da alli a aljihu da ƙafar wando a jiƙe. Na hango Kawu bai sulale ba. Da muka haɗu a waje abin da ya ce kawai, "Kujerar ba ta yi ƙara ba."

Litinin da asuba muka mayar da fiyanon inda muka ɗauko shi, mu takwas ɗin nan, ƙafa uku kowacce a gurbinta. Baba ya kama hanyar Ngaundare, ya bar mini ma'aunin kyauta. Na jera randuna biyu a ƙarƙashin fiyanon, na roƙi mai gadin gidan ya riƙa cika su duk Juma'a har ruwan farko ya sauka, ya ce in sha Allahu. Bayan wata ɗaya na bi ta wurin na leƙa. Ɗaya ta bushe ƙaf, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Ɗayar kuma tana bakin ƙofa a gindin dalbejiya, an ɗora mata faifai da moɗa, masu wucewa na sha. Na sha ni ma, ruwan da sanyi.